Yara masu aji daban-daban a zaure guda: ya ake tsara kowa ya tafi daidai ƙarfinsa?

Malamar Zaure, Rafindadi:

Assalamu alaikum iyayena malamai da 'yan uwa. Shawara na zo nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayanin don ku ga inda abin ya ɗaure mani.

Da safe ina koyarwa a wata firamare a nan cikin birnin Katsina. Da rana kuma, daga ƙarfe 2:30 zuwa kiran la'asar, kafin su wuce islamiyya, ina tara yaran layinmu a zauren gidanmu. Sun haura ashirin. Ƙaramarsu 'yar aji 2 ce, babbansu yana aji 1 na ƙaramar sakandare. Kusan rabinsu ɗiyan bayin Allah ne da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Batsari da Jibiya. Wasu sun daɗe ba su leƙa aji ba, da suka zo birni aka dubi tsawonsu aka ba su aji.

Ga irin abin da nake gani. Akwai yarinya 'yar aji 5, rubutunta tsaf, duk abin da aka sa a allo za ta kwafe shi ba kuskure. Ka ce ta karanta maka layi ɗaya cikin abin da ta kwafa, sai ta sunkuyar da kai. Akwai yaro ɗan aji 3 da ke taya mahaifinsa sayar da rake, in ka ba shi naira 1,000 ka sayi na 350, kafin ka rufe baki ya gaya maka canjinka. Amma na rubuta mashi 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35. Shi kuma na sakandaren yana karanta Turanci da ƙarfi ba gargada, in ka tambaye shi me labarin ya ce, shiru.

Idan na raba su aji-aji na bi sikim, wato jadawalin darussan kowane sati, to abin da aka yi masu da safe na maimaita: sati ya ƙare a wuce, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya bi ayari. Abin da zuciyata ke so shi ne kada yaro ya bar darasi sai ya iya shi, kada kuma wanda ya iya ya zauna jiran wani. A baki da sauƙi. Amma ni kaɗai ce, allo ɗaya gare ni, ga Hausa ga Turanci ga lissafi ga kimiyya ga soshiyal, matakin yaran kuma ya kai shida ko bakwai. Ta ina ake farawa? Da wane ma'auni zan ce yaro ya iya, ba haddace amsa ya yi ba? Duk darussan ake yi wa haka, ko akwai waɗanda ba su buƙata? Sannan akwai huɗu 'yan aji 6 da za su zauna jarrabawar shiga sakandare bana, ita kuma ba a ɗaga ta don wani na tafiya a hankali.

Ba ni karɓar komai sai kuɗin alli, don haka shawarar da ke buƙatar kwamfuta ga kowane yaro ba za ta yi mani ba.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya saka maki da alheri, ya sa a mizani.

Satin farko kada ki koyar da komai. Ki ajiye maganar aji gefe, ki riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, minti biyar-biyar, sauran suna can nesa da wani aiki don kada kowa ya ji kunya. Takarda guda ta isa: ɗan labari na Hausa mai layi takwas ko goma, sakin layi mai jimla huɗu, kalmomi goma, baƙaƙe goma. Ki fara nuna mashi sakin layin. Ya karanta, ki hau da shi zuwa labari. Ya kasa, ki sauko kalmomi, nan ma ya kasa, baƙaƙe. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa a wurinki. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta fito da shi, da shi suke auna yaran ƙauyuka gida-gida tun 2005, irinsa kuma ake amfani da shi a tsarinsu da ake kira TaRL, wato a kama yaro daga inda yake. Matakai biyar ne kacal: wanda bai san baƙi ba, mai baƙi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. An gwada shi a jihar Borno a 2018, daga baya ya shiga wasu jihohin Arewa. Lissafi ma haka ake hawa: gane lamba 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai ɗebewa mai aro, sai rabawa.

Za ki ga matakan nan da ke ba ki tsoro sun koma rukuni ukku ko huɗu. Yaro ɗaya kuma yana iya zama a rukunin sama a lissafi, a na ƙasa a karatu, kamar mai raken nan naki watakila. Ba laifi. In an sauya darasi sai a sauya wurin zama.

A kan ko duk darussa ne, amsata a'a, kuma nan ne malamai ke wahalar da kansu a banza. Karatu da lissafi tsani ne, ba a taka na biyar sai an taka na huɗu. Wanda bai raba ɗ da d ba zai yi ta tuntuɓe a kowane layi, wanda bai iya sau ba rabawa ba za ta shiga ba. Amma kimiyyar firamare da soshiyal ba haka suke ba. Yaro na iya sanin yadda sauro ke kawo zazzaɓi alhali bai san sassan fure ba. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, ko tarihin hasumiyar Gobarau, ɗan aji 2 da ɗan sakandare za su saurara a tabarma ɗaya. Bambancin yana ga aikin da za ki ba kowa bayan nan: ƙarami ya zana ya sa kalma guda a ƙasa, na tsakiya ya rubuta jimla ukku, babba ya yi rabin shafi. Da ni ne da minti 90 ɗin nan, 40 na karatu ne, 35 na lissafi, 15 na kowa da kowa. Wata rana ki bar na kowa da kowan ya ci rabin lokacin, shi ke sa su ji gida ɗaya suke.

Ki fara da Hausa ko da iyaye sun matsa sai Turanci. Bokon Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba irin na Turanci ba da wasali ɗaya ke da sauti ukku ko fiye. Ranar da yaro ya haɗa ba da ba ya ji bakinsa ya ce baba, ya gane yadda karatu ke aiki, da wannan zai shiga Turanci. Ki nemi littattafan shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa aka fara shi a Katsina da Zamfara don 'yan aji 1 zuwa 3. An jera darussan daki-daki. Ki tambayi malaman ƙananan azuzuwa na makarantarku ko wani na da kwafi.

Yarinyar nan mai kyan rubutu kuma, ki kula da mutuncinta. Budurwar yarinya ba za ta ji daɗin zama sahu ɗaya da 'yar shekara bakwai ba. Kada ki kira rukuni na ɗaya da na biyu, ki sa masu sunan launi. Ita ki ba ta riƙon rijista da rubuta kwanan wata a allo, tunda hannunta ya fi na kowa.

Tela daga Daura:

Salamu alaikum. Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya. Malama, ni ba malamin boko ba ne, ɗinki nake yi, amma a tsangaya na tashi har na yi sauka, kuma abin da kike nema shi muka rayu a ciki.

A tsangaya ba a cewa yau kowa na shafi kaza. Yara hamsin, alluna hamsin, kowa da inda yake. Wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya kai izu goma, gardi na can gefe yana satu, wato rubuta karatunsa da ka. Doka guda ce: ba ka wanke allo sai ka biya wa malam ya ji da kunnensa ka kawo shi ba gyara. In ka yi tuntuɓe ya ce je ka maimaita. Ba faɗuwa ba ce, ba a rubuta maka sifiri, gobe ka dawo. Mai kaifin kai a yi ta ƙara mashi har ya kai yana ɗaukar sumuni, ɗaya bisa takwas na izu, mai nauyi a rubuta mashi aya biyu. Amma izu 60 ɗin nan ba a rage wa kowa ko harafi.

Abin da ke riƙe da tsarin, wanda mai kallo daga waje bai cika lura da shi ba, tilawa ce. Ƙari kaɗan ne a yini, yawancin lokacin a kan baya yake ƙarewa. Wanda ya biya ya wanke, in ya yi sati biyu bai waiwayi wurin ba, ya tafi. To in yaronki ya ci gwajin ɗebewa yau kika ɗaga shi, ki tabbata a aikin kowace rana akwai guda biyu na baya da zai taɓa.

Kuma malam bai taɓa zama shi kaɗai ba. Ba shi ke biya wa kotso, ƙaramin almajiri, ba, tittibiri da ya ɗan tasa ko gardi ke yi, shi yana can yana sauraren manya yana duba rubutu. Ke ma ɗan sakandaren nan ki ba shi masu baƙaƙe na ɗan lokaci kullum. Sai dai biyawar ƙarshe, wadda ake ɗaga yaro da ita, kada ki bar wa kowa. Yaro na tausayin ɗan uwansa, ko yana tsoronsa, sai ya ce ai ya iya.

Zan faɗi inda namu ke da rauni don kada ki kwasa duka. Akwai waɗanda muka tashi tare, shekara ta zagayo suna wuri ɗaya, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili, sai a ce kansa ne da nauyi, bulala ta biyo baya. Da na girma na fara zargin wani cikinsu ido ne ba ya gani sosai, wani kuma yunwa ce. Abin na damuna har yau. Je ka maimaita ba ya maganin wanda tun farko bai gane ba. Sannan mu hadda muke nema a wannan matakin, ke fahimta kike nema. Yaro na iya rera maki jadawalin sau tiryan-tiryan, ki ce buhu 7 kowanne da mudu 8 mudu nawa ke nan, ya tsaya kallon ki.

Mai Lissafi, Sabuwar Unguwa:

Anti, sannu da ƙoƙari. Lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare, duk shekara irin yaran nan nake karɓa a aji 1, don haka maganar ta shafe ni kai tsaye.

Bari in fara da 35 ɗin nan. Yaron ba shirme ya yi ba, wata doka ya bi: a kowane layi ya cire ƙarami daga babba, 2 daga 7 saura 5, 2 daga 5 saura 3. Abin da ya ɓace mashi shi ne 5 ɗin nan hamsin ce, ana iya kwance goma daga cikinta. In kika ƙara mashi tambaya ashirin irin wannan, kuskuren zai ƙara zama ne kawai. Ki fara tambayarsa da baki, kana da naira 52 ka kashe 27, zai ce maki 25 nan take. Sai ki nuna mashi 35 da ya rubuta, ki bar shi ya yi mamaki. Daga nan ki kawo tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da zare, ki ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, ki ce ya miƙo 27. Da hannunsa zai kwance ɗauri ɗaya. Aron ke nan, sai ki nuna mashi yadda ake rubuta abin da hannunsa ya yi.

A kan ma'auni: Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya yi rubutu a 1968 cewa mafi yawan ɗalibai, a ganinsa watakila sama da kashi 90 cikin 100, za su iya abin da ake koya masu in aka ba su isasshen lokaci da taimakon da ya dace. Tsarinsa shi ne a yanka darasi ƙanana, na sati ɗaya ko biyu, a yi ɗan gwaji wanda ba na maki ba ne, na gano inda aka yi giɓi ne, a sake koyar da wurin ta wata hanya daban, sannan a sake gwaji da wasu tambayoyi masu kama da na farko. Masu bin tsarin da yawa suna sa iyaka a kashi 80. Ni yadda nake yi: tambaya 5, ya ci 4 shi kaɗai. Bayan sati in sake ba shi wasu da lambobi daban, ɗaya cikinsu ta buhu da mudu irin wadda Malam na Daura ya kawo. Sai ya ci na biyun nake sa mashi alama. Wanda ya haddace a nan yake bayyana.

Aikin da zai cinye maki hutun sati guda, amma ya hutar da ke shekara, shi ne rubuta matakan. Ki ɗauki manhajar lissafi ta NERDC, hukumar tsara manhajar ilimi ta ƙasa, daga aji 1 har aji 1 na sakandare, ki goge sunan aji, ki jera abubuwan yadda wani ke dogara da wani: ƙirga, matsayin lamba, tarawa, ɗebewa, sau, rabawa, firakshan, desimal, kaso cikin ɗari, har zuwa farkon aljabara. Kowanne ki daddatsa shi, misali tarawa marar ɗauko daban, mai ɗauko daban. Za ki ga manhajar tana dawo da abu ɗaya aji bayan aji da manyan lambobi, don haka jerin bai kai tsawon da kike tsoro ba. Kowane mataki ki yi mashi kati na kwali, tambayoyi a gaba, amsa a baya. Da haka wanda ya gama yana ɗaukar kati na gaba ke kina can wurin wani rukuni. Sunayen yara da matakansu kuma su zauna cikin littafinki, ba a bango ba.

Inda na ɗan bambanta da ke, Anti, shi ne a bar kowa da saurinsa ba iyaka. A wannan shekarar ta 1968 wani malami, Fred Keller, ya bayyana tsarin da ɗaliban jami'a ke tafiya kowa da lokacinsa, sai ya ci gwajin babi ya wuce. Tsarin ya yi amfani, amma sananniyar matsalarsa ita ce ɗalibai na jan ƙafa, kuma manya ke nan. Shi Bloom ajinsa tare yake tafiya, gyaran ne na kowa daban. Don haka ki sa wa kanki ƙa'ida: yaro ya yi sati biyu a mataki ɗaya, to ba shi ake jira ba, ke ake jira. Ki koma mataki na baya ki duba, ki sauya hanya, ki matso da shi kusa da allo, ki tambayi ko ya ci abinci kafin ya zo.

'Yan aji 6 ɗin kuma gwajin satin farko zai raba maki su. Wanda ke karatu kuma ya iya rabawa, ki ware mashi kwana biyu a sati na tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da agogo. Wanda bai iya karatu ba, tsofaffin tambayoyi ba za su yi mashi komai ba, ki sa duk lokacinsa a karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ba shi shekara 9 na ilimin tushe, jarrabawar kammala shi, BECE, sai ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare. In ya zo mani yana iya karanta tambaya, sauran zan iya da shi.

Wayarki ta ishe ki wajen samo tambayoyin da za ki kwafa a kati. Akwai dandalin darussa na intanet, Nigeria Learning Passport, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ce.

Malamar Zaure, Rafindadi:

Baba, Malam, ƙanena, Allah ya saka maku da Aljanna. Na kwafe duka a littafi. Maganar ido ta tsaya mani a rai, don akwai ɗaya da kullum sai ya taso ya zo gaban allo yana runtse ido, gobe zan yi wa mahaifiyarsa magana.

Abu biyu suka rage. Na san iyayen layinmu: ƙarshen zango tambayarsu ɗaya ce, na nawa ya zo. Kuma ranar da mahaifin yarinyar nan ya buɗe littafinta ya ga ba, bi, bu, zai ce 'yar aji 5 na mayar baya, yana iya hana ta zuwa. Me zan ce masu? Sannan Baba, Turanci bai samu wuri a rabon mintocinka ba. Ɗan sakandaren nan da shi ake koya mashi komai da safe, ba zan iya cewa ya jira ba.

Tsohon Hedimasta, Ƙofar Ƙaura:

Ɗiyata, kada ki bari littafi ya riga ki isa wurin mahaifinta. Da kin gama gwajin, ki shiga gidan ki zauna da mahaifiyar, shi kuma ki sa wani babba na gidanku ya same shi a ƙofar gida. Kada a sa yarinyar ta karanta a gabansu don a nuna ba ta iya ba. A ce masu laifin ba nata ba ne, shekarun da aka yi ana gudun rai ne suka ci wurin, kuma a nemi sati shida. Babbar yarinya da ta riga ta san surar baƙaƙe da hannunta ba ta daɗewa kamar ƙaramin yaro. Bayan sati shida ki sake auna kowa da wata takardar, ki sauya rukuni, ita kuma ki rubuta mata ɗan saƙo na layi biyu ta kai gida ta karanta wa mahaifinta da kanta.

Na nawa ya zo kuwa, makarantar safe na ba su wannan, ke ba sai kin ƙara ba. Ki ba kowa rabin takarda da Hausa: ga abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba farkon zango, ga abin da yake kai. Ki rubuta shi yadda uwa za ta iya gwadawa a tsakar gida, kamar "yana karanta sunan kaya a jikin leda" ko "yana raba lamba mai gida biyu da mai gida ɗaya".

Turanci yana cikin minti 40 ɗin, ban fayyace ba ne. Ji da faɗa kowa ya fara daga ranar farko, minti biyar na gaisuwa da sunayen abin da ke cikin zauren. Karanta shi kuwa sai yaro ya kai sakin layi a Hausa. Wanda ya kai labari, lokacinsa duka ya koma Turanci, Hausa ta zama ta kwana ɗaya a sati. Shi ɗan sakandaren ki dakatar da karatu da ƙarfi tukuna, don bakinsa ya riga kansa. Ki ba shi layi biyar daga littafin kimiyyarsa na safe, ya karanta a zuci, ya ja layi ƙarƙashin kalmomin da bai sani ba, ku warware su tare, ya rufe littafin ya gaya maki da Hausa abin da aka ce. In kalmomin da ya ja wa layi sun wuce biyar a layi biyar, littafin ya yi mashi nauyi, ki aro na aji 4 ku fara daga can.